Mai Gaskiya Ma Yakan Ga Abin da Babu

Ranar 29 ga Sha'aban da magariba, idanun mutanen cikin birni sukan koma yamma, wasu a kan soro, wasu a kan Dala. Wanda ya ce ya ga jinjirin wata sai an tambaye shi inda ya tsaya da lokacin da ya gani, labari ya bi ta fada ya isa Sakkwato, kafin Sarkin Musulmi ya yi sanarwa. Maƙaryaci mai sauƙin kamawa ne. Yaya za a yi da mutumin kirki da ya rantse ya gani, alhali zaren gajimare ne ya gifta?

Masu neman duniyoyin da ke kewaya wasu taurari suna fama da irin wannan tambaya, don galibi ba sa ganin duniyar kanta. Rawar da tauraro ke yi suke aunawa, ko ɗan dusashewar haskensa idan abu ya wuce ta gabansa. A 2012 masana daga Jeniba suka sanar da gano wata duniya a gefen Alpha Centauri B, ɗaya daga taurarin da suka fi kusa da mu. Rawar da suka auna kamar rabin mita ce a daƙiƙa, tafiyar tsoho mai sanda ke nan. A 2015 wasu masana a Oxford suka ƙirƙiri tauraro a kwamfuta, babu duniya ko ɗaya tare da shi, suka auna shi a daidai lokutan da aka auna na gaske. Alamar ta sake bayyana. Ashe giɓin da ke tsakanin dararen dubawa ne ya haife ta. Babu wanda ya yi ƙarya, jagoran binciken farko ma ya yarda da wuya in duniyar tana nan.

Tambayar da lissafin ƙididdiga ke yi ita ce: in babu komai, sau nawa zan ga irin wannan alama? Da aka tabbatar da duniyoyi 1,284 daga bayanan na'urar Kepler a 2016, an ce tabbacin kowacce ya haura kashi 99 cikin 100. Wato tun ranar sanarwa an yarda ƙila 'yan kaɗan a cikinsu babu su.

Wannan nake gani ya fi rantsuwa nauyi. A nan, shaidan da ya ce "na gani, amma akwai hazo, kuma idona ya fara rauni" sai a ce ba shi da tsayayyar magana, a juya wajen wanda ya fi ɗaga murya, alhali a kan soro ɗaya suka tsaya.