Yarinyar da ta Ɗauki Wuƙa: Alhakin Wa?

A daren 4 ga Afrilu 1958, wanda ya zo daidai da Juma'a Mai Tsarki, an kashe wani mutum mai suna Johnny Stompanato a wani gida da ke Beverly Hills, ƙasar Amurka. Gidan na Lana Turner ne, ɗaya daga cikin mashahuran taurarin fim na zamanin. Wadda ta soke shi kuwa ɗiyarta ce, Cheryl Crane, mai shekara 14.

Stompanato tsohon soja ne da ya zama ɗan tsaron Mickey Cohen, uban 'yan ta'adda na Los Angeles. Ba aure ke tsakaninsa da Lana ba, amma ya mai da ita kamar abin mallakarsa. A 1957 ya bi ta Ingila inda take aikin fim da Sean Connery, ya tayar da fitina har hukuma ta sa ya bar ƙasar. A daren da abin ya faru, yarinyar ta ji shi ta bayan ƙofa yana barazanar yanka fuskar mahaifiyarta. Ta sauka ɗakin girki ta ɗauko wuƙa. Suka ɗaya ta yi masa a ciki, ya mutu. Bayan mako ɗaya masu binciken mutuwar suka yanke cewa kisan kāriya ne, ba laifi.

To, shari'ar mutane ta gama nata. Mu kuma da muka koyi Dokoki Goma tun muna yara, me za mu ce? Doka ta biyar ta hana kisa. Sai dai tun ƙarni na 13 Waliyyi Toma na Akwino ya bayyana cewa aiki ɗaya yana iya haifar da sakamako biyu: tsare rai, wanda shi ne nufin mai kāriya, da mutuwar maharin, wadda ba ita ya nufa ba. Katekisim na 1992 ya ƙara da cewa kāre rai yakan zama wajibi mai nauyi ga wanda aka danƙa wa rayukan wasu. Bisa wannan, ba mu ga hujjar ɗora wa Cheryl alhakin kisan kai ba.

Amma a nan ne maganar take da wuya. Wa aka danƙa wa rai a gidan nan? Ba yarinyar ba. Ita ce ya kamata a tsare, sai ga shi ita ta tsaya tsaron babba. Akwai ma'aikata a gidan, akwai abokai, akwai manyan kamfanin fim da suke cin riba da fuskar Lana. Tashin hankalin Landan ba a ɓoye ya faru ba. Lana kanta ta ji tsoron kai ƙara, domin tsoron mutumin da kuma tsoron abin da jaridu za su yi da sunanta. Ba ma gaggawar zarginta. Wanda bai taɓa kwana ɗaki ɗaya da mai dukansa ba ya sassauta harshe. Duk da haka, shirun manya ne ya taru har nauyinsa ya faɗa hannun yarinya.

Wasu suna tsammani Ikilisiya tana umurtar mace ta haƙura da duka ko da zai kai ta kabari. Ba haka ba ne. Dokar Ikilisiya ta 1983, sashe na 1153, ta ba ko mai aure izinin barin gida idan abokin zama ya jefa shi ko 'ya'yansa cikin haɗari mai tsanani. Balle wadda babu igiyar aure a kanta.

Kada mu manta da mamacin. Shi ma rai ne, yana da ɗa, ya kuma tafi gaban Mahalicci farat ɗaya yana tsakiyar fushi. Ubangidansa Cohen ya miƙa wa jaridu wasiƙun soyayyar da Lana ta rubuta masa, duniya ta karanta ta yi nishaɗi. A 1959 fim ɗinta "Imitation of Life" ya samu kasuwa ƙwarai. Cheryl kuwa kotu ta danƙa ta ga kakarta, daga baya aka kai ta makarantar gyaran hali, ta sha fama shekaru da yawa kafin ta rubuta labarinta a 1988.