Tsohon Soja da Maɓuɓɓugan Ruwa

Karatu: Joshuwa 14:6-14, 15:16-19

Ɗan'uwa mai karatu, in ka taɓa zuwa gaisuwar rasuwar tsohon soja a Zongon Kwatano, ka san yadda hirar take tafiya. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, masu zemijan suna ta wucewa, sai wani ya fito da hoton marigayin yana saurayi cikin kaki da jar hula, wani kuma ya kawo lambobin yabo a cikin gwangwani. Daga nan sai labarin jirgin ruwa da sanyin Faransa. To amma ka yi lissafi. Soja ya ci shekara uku ko huɗu na ransa, mutumin kuwa ya haura casa'in. Sauran shekarun fa, wa zai ba da labarinsu?

Kada ka ɗauka ina raina kakin. Tun 1891 Faransawa suka kafa rundunar sojan Hausawa a ƙasar Dahome, wato Benin ta yau. Jikokin zamanin nan suna cikin 'yan Afirka da suka sauka gaɓar kudancin Faransa a watan Agusta 1944. Da yawansu ba da son ransu suka tafi ba, kama su aka yi. Ran 1 ga Disamba na shekarar, a sansanin Thiaroye kusa da Dakar, aka buɗe wuta a kan waɗanda suka komo daga bursuna suna neman haƙƙinsu. A 1959 kuma Faransa ta yi dokar da ta tsayar da fanshonsu wuri ɗaya, ba a fara daidaita shi da na abokansu Turawa ba sai 2007, bayan yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Wanda ya sha wannan duka ya cancanci a miƙe masa tsaye, Musulmi ne ko Kirista, kamar yadda Littafin Firistoci 19:32 ya umarce mu game da mai furfura.

Yanzu dubi Kalibu. Yana da shekara 40 Musa ya aike shi leƙen asirin Kan'ana. Yana da 85 ya tsaya gaban Joshuwa ya roƙi ƙasar tuddai, ya ci Hebron. Masu wa'azi suna son wannan wuri ƙwarai, nan ma suke tsayawa. Amma Littafi bai tsaya nan ba. A sura ta gaba 'yarsa Aksa ta zo a kan jaki, sabuwar amarya, an ba ta ƙasa a Negeb inda ba ruwa. Ta sauka, uban ya tambaye ta abin da take so. Ta roƙi ruwa. Ya ba ta maɓuɓɓugai na tudu, ya ƙara mata na gangare. (Ba zan ɓoye maka ba, shi ne ya yi alkawarin aurenta ga duk wanda ya ci birni, ba mu kuwa ji ya shawarce ta ba. Jarumawan Littafi ma mutane ne.) Duk da haka Ruhun Allah ya ga ya kamata a rubuta wannan 'yar maganar gida har sau biyu, a nan da kuma Littafin Mahukunta sura 1.

Me ya sa? A ganina, domin kunnen da ya saba da ƙarar yaƙi yana da wuya ya ji muryar yarinya. Dawuda ya kashe Goliyat, ya ci Filistiyawa, amma gidansa ya gagare shi. Amnon ya ɓata ƙanwarsa, Absalom ya tayar wa ubansa, an kuma rubuta cewa bai taɓa tsawata wa Adonija ba. Cin gari da riƙon gida ba baiwa ɗaya ba ce.

A fagen fama akwai mai ba da umarni, akwai abokai dama da hagu, akwai ranar sallama. A gida babu mai busa maka begila. Mutum ya komo da abin da idonsa ya gani, ya yi ta firgita cikin barci, fanshonsa bai kai buhun masara ba, ga kuɗin makaranta, ga haya. Waɗansu sun faɗa wa kwalba, waɗansu sun mai da gida bariki, matansu ne suka sha sauran yaƙin. Gaskiya ce, kada mu rufe ta da yabon ranar makoki. Saboda haka in ka ga wanda ya ajiye bindiga, ya yi shekara sittin yana gadi ko ɗinki, bai ɗaga wa matarsa hannu ba, ya aurar da 'ya'yansa da mutunci, ka sani ya yi wani yaƙin da ba a ba da lamba a kansa. Ubangiji kaɗai ya ƙidaya kwanakinsa.

Wanda yake da shekara 20 a 1944 ya wuce ɗari yanzu. Waɗanda suka rage yawanci na Indocin ne da na Aljeriya, su ma ƙwaya-ƙwaya. In akwai ɗaya a layinku, kada ka jira sai an shimfiɗa tabarmi. Je ka durƙusa ka ce, "Baba, barka da hutawa." In ya so ya ba ka labarin yaƙi, ka saurara har ƙarshe, ko ka sha jinsa. In bai so ba, kada ka matsa masa. Kafin ka fita, ka tsaya wajen 'yarsa da ke kawo masa kunu, ka tambaye ta wace rana ce ta zo wurinsa da damuwa, da kuma abin da ya yi.