Wanda Ya Gaji Tsohon Zane: Ya Gyara Ko Ya Bari?

A unguwarmu, kusa da Ƙofar Doka cikin birnin Zariya, akwai wani saurayi mai gyaran rediyo. Wata rana yana binciken akwatin kakansa sai ya tarad da wata babbar takarda a naɗe, ta yi ja don tsufa. Da ya warware ta sai ya ga zanen ɗan ƙaramin jirgin sama ne, irin wanda ake haɗawa da hannu, an nuna awon fiffike da na gangar jiki dalla-dalla. Amma gara ta cinye wajen wutsiyar, ga shi kuma an tsara zanen domin wani katako mara nauyi da ake kira balsa, wanda ainihinsa daga Amurka ta Kudu yake. Shi kuwa saurayin abin da ke hannunsa shi ne farin abin nan mai kama da toton kara, wanda ake ƙunso talabijin da firiji a ciki, da ɗan inji mai aiki da batir, da na'urar rediyo ta hannu wadda ake juya jirgi da ita daga ƙasa.

Da labari ya kai zaure sai gardama ta tashi. Wani dattijo masassaƙi ya ce, "Yaro, takardan nan amana ce. Mai ita ya riga mu gidan gaskiya, ba shi da bakin da zai kāre kansa. Ka bi zanensa kamar yadda ya bar shi, ko kuwa ka mayar da ita akwati." Wani abokin saurayin kuwa ya ce a jefar da ita, tun da akwai sababbin zane-zane birjik a intanet. To, jama'a, wa ya fi gaskiya?

Mu fara duban maganar dattijo. Lalle tana da nauyi. Ni aikina kwafar takardu ne, na kuwa san akawun da ya sāke kalma ɗaya cikin takardar gona don yana ganin ya fi mai ita sani, ya kunna wutar da za ta ci 'ya'ya da jikoki. Wanda ya taɓa aikin wani, sa'an nan ya bar sunan mai shi a kai, ya yi masa ƙarya. Kadan jirgin ya faɗi, mamaci za a zarga; kadan ya tashi, an yabe shi da abin da bai yi ba.

Amma jirgi dabam yake da takardar gona, gama shi iska ce alƙalinsa. Masana sun ce tilas nauyin irin wannan jirgi ya daidaita a wajen kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na faɗin fiffike, in an auna daga gabansa. In nauyi ya rinjaya baya, sai jirgin ya ɗaga hanci ya ƙi jin linzami, ya kife. Toto bai kai katako ƙarfi ba, batir kuma yana da nauyin da mai zanen bai lissafa ba. Saboda haka wanda ya bi kowane layi sau da ƙafa, da kayan da ba su aka nufa ba, zai sami jirgi mai kama da na takarda, amma ba zai tashi ba. Mai zanen kuwa tashi ya nufa. Ashe ana iya riƙe layin mutum a yar da nufinsa.

Maganar abokin ma tana da rami. Da tsohuwar zuma ake magani. Ku dubi 'yan'uwan nan biyu na Amurka, Wilbur da Orville Wright, masu gyaran kekuna a garin Dayton. A 1878 mahaifinsu ya kawo musu wani abin wasa mai tashi da ƙarfin roba, wanda aka yi bisa dabarar wani Bafaranshe, Alphonse Pénaud. Da suka girma sai suka karanta abin da magabata suka rubuta, musamman Otto Lilienthal na Jamus, wanda ya rasu a 1896 sakamakon faɗowa daga jirginsa mara inji. A 1901 suka ga lissafin da suka gada bai yi daidai da abin da jirginsu ke yi ba. Ba su ƙona littattafan ba, ba su kuma rufe ido sun bi ba. Sai suka ƙera akwati mai hura iska, suka gwada ƙananan fikafikai wajen 200 a ciki, suka rubuta sabon lissafi. Ranar 17 ga Disamba, 1903, jirginsu mai inji ya tashi, tashin farko na daƙiƙa 12. Bayan shekara 22, watau a 1925, jiragen sama suka sauka Kano, a 1964 kuma aka kafa makarantar koyon tuƙin jirgin sama a nan Zariya. Da sun raina na gaba da su, da daga ina za su fara?

A ganina hanya tana nan cikin al'adarmu tun tuni. Malamanmu na zaure, in suna kwafar littafi suka tarad da wurin da suke zaton kuskure ne, ko wurin da ya goge, sukan bar matani yadda yake, su rubuta nasu bayani a gefen shafi. Mai karatu na baya sai ya ga na mai littafi, ya ga na mai kwafa, ya auna da hankalinsa. Haka kuma babban masallacin Juma'a na birni, wanda Babban Gwani ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu: da aka zo sabunta shi a shekarun 1970, an bar wani sashe na tsohon ginin ƙasa a cikin sabon, don na baya su ga hannun gwani.

Wannan shawara aka ba saurayin, ya kuwa karɓa. Ya ajiye tsohuwar takarda bai taɓa ta da alƙalami ba. Ya kwafe ta a sabuwa da baƙin tawada, wutsiyar da ya ƙago da sauran abin da ya sāke kuwa ya zana su da ja, ya rubuta dalili a gefe. Gwajin farko a bayan ganuwa jirgin ya kife, domin batir ya yi baya. Ya matsar da shi gaba, ya rubuta wannan ma da ja. A gwaji na uku ya tashi ya kewaya fili, dattijon yana tsaye ya kāre rana da hannu yana kallo.

Ku da kuka fita daga duhun jahilci kuka iya karatu da rubutu, takardu za su riƙa zuwa hannunku, na gado da na sana'a da na tarihin gida. In kun ga abin gyara ku gyara, amma ku bar na mai shi a fili, ku sa naku da jan tawada. Allah ya sa mu zama masu riƙon amana, amin.