Ciyar da kaka: wajibi ne a kan jika?

Tambaya: Ni mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Dambatta, ina sana'ar hatsi a kasuwar Dawanau. Mahaifina ya rasu ya bar mahaifiyarsa, ta tsufa ƙwarai, tana zaune a gidanmu na gado. Ɗa ɗaya ne ya rage mata, baffana, shi ma da ƙyar yake riƙe iyalinsa, ana gama girbi yake tafiya ci-rani. Wani ɗalibi ya ce mini a mazhabarmu ciyar da kaka ba ya kan jika. Gaskiya ne? In haka ne, zan iya ba ta zakkar geron da nake nomawa? Sannan ƙannena suna so su ɗauki muryarta a waya tana ba da labarin gidanmu, wasu sun ce bidi'a ce.

Amsa: Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗana, ɗalibin ya faɗi rabin magana ya bar rabi. Gaskiya ne cewa a wurin Imamu Malik ciyarwar dangi ta dole ta tsaya a kan iyaye matalauta da 'ya'yan cikin mutum, ba ta haura zuwa kakanni, ba ta gangara zuwa jikoki. Haka yake a Risala, haka yake a Mukhtasar. Amma Abu Hanifa da Shafi'i da Ahmad duk sun wajabta ta, domin Alƙur'ani ya kira kakanni iyaye, kamar yadda Annabi Yusuf ya ambaci Ibrahim da Ishaƙa cikin iyayensa, kuma Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya jingina kansa ga Abdulmuɗɗalib ranar Hunaini.

Abin da maganar Malik take nufi shi ne alƙali ba zai yanka maka mudu kaza duk wata ya tilasta ka ba. Ba ta sauke maka sada zumunci ba, shi kuwa wajibi ne babu saɓani. Kuma idan tsohuwar nan ta kai ga yunwa ko rashin magani, ɗanta ya gaza, kai kana da hali, to taimakonta ya hau kanka ko da baƙuwa ce, balle wadda ta haifi ubanka. Abin yana ɓata mini rai ƙwarai: yaro ya karanta mas'ala ɗaya ya mayar da ita garkuwar rowa, yana loda buhuna a mota ana kai wa Legas, uwar ubansa tana jiran ƙanzon maƙwabta. Malik bai koyar da wannan ba.

Zakka ita ce wurin da ake bukatar natsuwa. Idan geronka ya kai nisabi, wato sa'i 300, dami ɗaya cikin 10 kake fitarwa tunda noman damina ne. A ƙa'idar mazhaba, wanda ciyarwarsa ba ta wajaba a kanka ba ya halatta ka ba shi, don haka kaka matalauciya tana iya karɓa. Sai dai da sharaɗi biyu. Na farko, kada ta kasance tana da ɗa ko 'ya mai hali da ke ɗauke da ita, domin a lokacin ba matalauciya ba ce. Mutane suna mantawa cewa 'ya mace mai dukiya ita ma ciyar da uwarta yana kanta. Na biyu, kada ka kasance dama kai ne kake auna mata hatsi, sai ka dakatar, ka maye gurbinsa da zakka don ka tsare aljihunka. Malamanmu sun hana wannan. Ka kuma sani waɗanda suka wajabta ciyar da kaka sun hana a ba ta zakka. Saboda haka abin da nake zaɓa maka: ka ciyar da ita daga tsabar dukiyarka, zakkar kuma ka kai wa baffanka, tunda mabukaci ne. Ka fita daga saɓani, ka ƙarfafa wanda nauyin yake wuyansa tun asali. Ka kai masa a asirce, kada matansa su ji daga bakin yara.

Ɗaukar murya kuwa ba ibada aka ƙirƙira ba, hanya ce ta adana magana kamar alƙalami da tawada. Ya zo a hadisin Tirmizi a nemi sanin nasaba gwargwadon abin da za a sada zumunci da shi. Ku nemi izininta, ku bar abin da zai tona asirin mamaci, kada ku watsa a WhatsApp.

Amma kada ku tsaya a tatsuniya da labarin fari. A ƙasarku gonaki a matse suke, layin gamba ko aguwa ne kawai tsakaninku da maƙwabci. Ku tambaye ta ina iyaka ta tsaya, wace gona ce jingina, wace ce aro, ɗorawar da ke bakin gona ta wa ce. Ku rubuta a gaban mai unguwa da shaidu biyu adilai, domin muryar waya ba ta tsayawa a madadin shaida. Ku tambaye ta su wa kakanku ya yi aminci da su, ku ziyarci 'ya'yansu. Abdullahi ɗan Umar ya ba wani balaraben ƙauye jakinsa da rawaninsa don kawai uban mutumin aminin Umar ne.

Mafi muhimmanci, ku tambaye ta wa ya sha nonon wa a gidan. Kuna auren zumunci, kuma sau da yawa tsofaffin mata ne kaɗai suka san wannan. A mazhabarmu maganar mace ɗaya ba ta raba auren da aka ɗaura, amma an so a nisanci abin da ta faɗa, kuma jin ta kafin a kai kuɗin gaisuwa ya fi sauƙi a kan jin ta bayan an haihu. Ku yi wannan tun hankalinta yana tare da ita.

Allah ne mafi sani.