"Turo Mini Aka Yi" Hujja Ce?

Jama'ar unguwa, gardama kan labaran kimiyya ta zama ruwan dare, daga teburin mai shayi har cikin WhatsApp. Gardamar kanta ba laifi ba ce. Tambayar ita ce: wanda ya tura labarin da bai tantance ba, yana da alhaki ko babu?

Ku tuna yadda aka yi ta yaɗa cewa 5G ce ke kawo korona, har a Ingila aka ƙona turakun sadarwa. Nan gida kuwa, cutar ta ɓulla a Legas a Fabrairun 2020, alhali sai 2022 MTN ta buɗe wa jama'a 5G. To, ina aka taɓa haihuwar ɗa kafin ubansa?

Wani zai ce, "Ni dai turo mini aka yi." Sai dai kawunka da ya karɓa daga hannunka bai san wanda ya ƙirƙiro labarin ba, kai ya sani. Mutuncinka ka ara wa ƙarya ta shiga gidansa da shi.

Magana zarar bunu ce. In ba ka da tabbaci, bari labarin ya kwana a wayarka.