Yabon Kaya: Shaida ce ko Roƙo?

A watan Janairu na shekarar 1824 wani Baturen Birtaniya mai suna Clapperton ya sauka a birnin Katagum, a kan hanyarsa daga Borno zuwa Kano. A Katagum ne ya fara ganin ana ciniki da wuri. Da ya isa kasuwar Kano kuwa, sai ya ba da labarin wata al'ada da ta fi wurin ba mu sha'awa. Wato a cikin kowane ƙunshin riga ko zane akan rubuta sunan dillalin da ya sayar. Idan aka kai kayan har Borno, aka kwance, aka tarar ba su kai yadda aka yabe su ba, sai a komo da su, dillali ya nemo mai kaya, a mayar wa mai saye da kuɗinsa.

Yau shekara ɗari biyu ke nan da 'yan kai. Sarautar Katagum ta dawo Azare tun 1916, wuri ya zama tarihi, kayan da ake yabawa ma sun sake. Ɗalibin Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh da ya tara kuɗin sayen waya ba dillali yake fara nema ba. YouTube ko TikTok yake buɗewa, ya kalli wani saurayi yana yage kwalin sabuwar Tecno ko Infinix, yana kuranta kyamararta da batirinta. In manhajar aika kuɗi zai sauke, sai ya ƙirga taurarin da aka ba ta. In fim zai kalla, sai ya duba abin da aka ce a Facebook. Tambayarmu ita ce, wannan mai yabo da muke dogara da shi, a wane matsayi yake magana?

Bahaushe ya san masu yabo iri uku. Akwai maroƙi, wanda kowa ya san don kyauta yake yi. In ya kira mai gida giwa, babu wanda zai je neman haure, saboda haka ba a cewa ya yi ƙarya. Akwai dillali, wanda yake cin la'ada a fili, amma sunansa na cikin ƙunshi. Sannan akwai mai shaida, wanda ba shi da ko anini a cikin cinikin, abin da ya gani kawai yake faɗa. Kowannensu yana da mutuncinsa matuƙar ya tsaya a rigarsa. Ɓarnar tana farawa ne ranar da maroƙi ya ari rigar mai shaida, ya karɓi waya kyauta daga hannun mai kaya, sannan ya fuskanci jama'a ya ce, "Ni dai gaskiya zan gaya muku." Mu lura, karɓar kuɗin ba shi ne laifin ba, domin dillalin Kano ma ba don Allah yake yini a rana ba. Laifin shi ne ɓoyewa, da kuma cewa in kayan suka lalace babu inda za a same shi.

Malaman fiƙihu sun daɗe da sanin irin wannan. Sun hana najashi, wato mutum ya tsaya yana taya kaya da tsada alhali ba saye zai yi ba, don kawai ya ruɗi na gefensa. Wanda ya ba manhaja taurari biyar bai taɓa amfani da ita ba, me ya raba shi da wannan? Abin ma ya wuce ƙasarmu, domin a shekarar 2024 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta kafa ƙa'idar da ta haramta saye da sayar da sharhin ƙarya, har da tara ga wanda ya karya.

Sai dai wannan ɓangaren mai sauƙi ne, don ba a jayayya a kan mugun mayaudari. Inda tambayar ta yi tsauri shi ne wajen mutumin kirki. Mu ɗauka wani ɗan unguwarmu ya buɗe shagon waya a Azare, ya roƙe mu mu yabe shi a intanet. Mun san cajojinsa ba sa jimawa, amma mun san yana da mata da 'ya'ya, mun kuma tashi an koya mana kara da rufin asiri. Sai mu rubuta cewa kaya sun yi kyau, mu ji a ranmu mun yi zumunci. To amma wa ya biya kuɗin wannan zumunci? Wata baiwar Allah ce daga Gadau ko Madara, wadda ba mu taɓa gani ba, wadda ta sayar da akuyarta ta zo saye saboda maganarmu. Mun ji kunyar wanda ke gabanmu, ba mu ji kunyar wadda ba ta nan ba. A ganinmu rufin asiri yana da kyau a kan aibin da ya tsaya ga mai shi. Aibin da za a ɗora wa wani ya biya da guminsa kuwa, rufe shi ha'inci ne, ko da da kyakkyawar zuciya aka yi.

Wani zai ce ai fim ba caja ba ne, ba ya ƙona waya. Haka ne, kuma hasarar mai kallo ba ta wuce kuɗin data da sa'o'i biyu ba. Amma tun da mujallar Fim ta fara fitowa a 1999, mai sharhin finafinan Hausa yana tafiya ne a tsakanin mutanen da zai haɗu da su gobe a wurin biki ko jana'iza. In ya yabi komai, mai shirya fim ba zai san inda ya gaza ba. In kuma ya soki komai don a san da shi, to shi ma roƙo yake yi, sai dai a wurin 'yan kallo. Mu kanmu ɗaliban adabi ba mu tsira ba: sau nawa muka tashi a taron ƙaddamar da littafi muka zuba yabo, alhali bangon kawai muka karanta?

Akwai kuma batun lokaci. Ana yin sharhin waya ranar da aka fito da ita daga kwali, ranar da kowace waya amarya ce. Halinta na gaskiya ba ya fitowa sai ta sha ƙurar hunturu, ta shiga zafin Afrilu, ta yi wata shida ana cajinta da wutar janareto. A lokacin mai sharhi ya yage wasu kwalaye ashirin, ya manta da ita.

Shi ya sa idan ƙaninmu ya zo neman shawara, mukan tura shi wurin masu gyaran waya na bakin kasuwa, ya tambaya wace iri ce ta fi zuwa teburinsu, kuma da wane ciwo. Ba mu ce su waliyyai ba ne, wani ma yana da tsohuwar wayar da yake son ya rabu da ita. Amma sun ga cikin kayan, rumfarsu kuma tana nan inda take, in maganarsu ta tashi banza, gobe da safe yaron zai koma ya same su a zaune.