Haƙƙin Na Ƙasa a Wuyan Na Sama

A watan Satumba na shekarar 2020 na tsaya tare da kawuna a bakin abin da a da muke kira gonarsa, cikin fadamar Gulbin Zamfara da ke wajen Jega. Babu iyaka, babu hanya, babu ko zangarniya ɗaya ta shinkafa da ta leƙo. Jan ruwa ne shimfiɗe iyakar ganin ido. Tun da asuba muka taso daga Karaye a kan babur, kuma tun isowarmu bai ce uffan ba. Can sai ya nisa, ya ɗaga kai sama, ya ce: "Ɗana, wanga tauraro da kuka ce gwamnati ta harba, shina ganin ƙasa?" Na ce, "Shina gani, Kawu." Ya ce, "To, in shina gani, mi yah hana shi faɗi?"

Ban ba shi amsa ba a ranar, bisa wani dalili da zan bayyana a gaba. Amma tambayarsa ce ginshiƙin wannan muƙala: wanda aka ɗaga sama da dukiyar jama'a domin ya gani, wane haƙƙi ne ke wuyansa game da waɗanda ya bari a ƙasa?

Ya kamata a fara da abin da aka harba ɗin. A shekarar 1999 Nijeriya ta kafa hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, wadda aka fi sani da NASRDA. A watan Satumba na 2003 aka harba tauraron ɗan'adam na farko na ƙasar, NigeriaSat-1, daga Plesetsk ta ƙasar Rasha. A Ingila aka ƙera shi, kan kuɗi kimanin dala miliyan 13, ya riƙa kewaya duniya daga nisan kilomita kusan 700 yana ɗaukar hoton dazuzzuka da gonaki da koguna. An ɗebar masa shekara 5, ya yi aiki har 2012. A ranar 17 ga Agusta, 2011, aka ƙara harba wasu biyu, NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X, kuma na biyun injiniyoyin Nijeriya ne suka haɗa shi da hannunsu bayan horon da suka samu. Waɗannan duk ƙasa suke dubawa. Gajimare da hadari kuwa, taurarin wasu ƙasashe ne ke bibiyarsu, musamman na Turai, kuma masu hasashen yanayi na gida suna cin moriyar bayanansu. Ke nan kawu bai yi kuskure ba: akwai idanu a sama, namu da na aro, kuma suna gani.

Akwai masu cewa tun farko bai kamata a harba ba. Hujjarsu mai nauyi ce, kuma na sha jin ta a majalisun Maiyama da rumfunan kasuwar Jega. Suna cewa ƙasar da mace ke rasa ranta a kan hanyar asibiti, ƙasar da manomin Aliero ke kallon albasarsa na ruɓewa don rashin wurin ajiya, me ya kai ta sararin samaniya? Da wannan kuɗi rijiyoyi nawa za a haƙa? Ba na raina wannan magana, domin ta fito ne daga bakin waɗanda suka san zafin rashi. Sai dai ina ganin ta tsaya a rabin hanya.

Mu waiwayi tarihinmu. Sa'ad da Kanta ya kewaye Surame da ganuwa a ƙarni na 16, ba don hatsi ya yi wa Kabawa yawa ba ne. Kowane birni mai ganuwa ya san cewa mutumin da aka ajiye a kanta yana hangen nesa ba ya noma, ba ya saƙa, amma ana ciyar da shi daga rumbun gari, kuma babu mai kiran abincinsa ɓarna. Dalili kuwa shi ne an yi alkawari da shi, ko da ba a furta ba: mu ba ka tuwo, kai kuma idan ka hango ƙurar dawaki ka yi kururuwa. Tuwonsa halal ne matuƙar yana cika wannan alkawari. Ranar da ya hango ƙura ya yi shiru, ko ya raɗa wa fadawa kaɗai, ko ya yi kururuwar da harshen da babu mai ji a garin, ranar ce tuwon ya zama cin amana.

Tauraron ɗan'adam shi ne mai tsaron ganuwar wannan zamani. Don haka tambayar ko ya dace matalauciyar ƙasa ta harba shi ba ta da amsa ɗaya tabbatacciya tun daga ranar harbawa. Amsar tana jiran abin da zai biyo baya. Idan ganin ya sauko ya isa ga mai gona, kuɗin ya zama jari; idan ya tsaya a ofis, masu suka sun yi gaskiya. Wayar da kan jama'a, wadda wasu ke ɗauka kwalliya ce da ake yi bayan an gama babban aiki, ita ce rabin aikin, kuma ita ce rabin da ke halatta ɗayan.

Ba na cewa ba a yin komai. Hukumar tana da cibiyar ilimantarwa a Ile-Ife da ke kai darussan sararin samaniya makarantu, kuma kowace shekara daga 4 zuwa 10 ga Oktoba ana bikin makon sararin samaniya na duniya, Nijeriya na ciki. Hukumar hasashen yanayi ma ta fara fassara hasashen damina zuwa Hausa da wasu harsuna. Waɗannan abin yabo ne. Amma nuna wa ɗalibi siffar roka abu ne daban, sanar da manomi abin da zai tsirar da guminsa abu ne daban. Na farko yana haifar da sha'awa, na biyu yana sauke nauyi. Kuma faɗar da ke sauke nauyi tana da sharuɗɗa uku: ta zo da harshen mai ji, ta fito daga bakin da ya yarda da shi, ta iso kafin lokaci ya ƙure.

Na taɓa ganin sharuɗɗan nan sun cika da idona. Ina yaro aka yi kusufin rana na 29 ga Maris, 2006, wanda duhunsa ya ratsa Gusau da Katsina da Maraɗi. Kwanaki kafin ya auku, rediyo ya yi ta sanarwa da Hausa, limamai suka maimaita, har da gargaɗin kada a kalli rana da ido tsirara. Da hantsi hasken Karaye ya dusashe, iska ta yi sanyi, kaji suka ruɗe, amma mutane ba su ruɗe ba. Manya suka nufi masallaci suka yi sallar kusufi cikin natsuwa. Lissafin masana da koyarwar malamai suka haɗu a wuri ɗaya, babu wanda ya ture wani. Wannan ya nuna mini cewa mutanenmu ba su ƙi ilimin sama ba. Yaya za su ƙi, alhali kakanninmu da Kaza da 'Ya'yanta suke auna shekara, da Gamzaki suke sanin asuba ta gabato, kuma har yau akwai malaman da ke lissafin taurarin damina?

Wasu ƙasashen sun fahimci haka tun da wuri. A 1975 Indiya, tana cikin talaucinta, ta ari tauraro daga Amurka ta watsa shirye-shiryen noma da lafiya zuwa ƙauyuka 2,400 da harsunan mazauna ƙauyukan. A 1999 guguwar teku ta kashe mutum kusan 10,000 a jihar Odisha. A 2013 wata mai ƙarfi ta sake afka wa jihar, amma an hango ta, an faɗa, an kwashe kusan mutum miliyan ɗaya, waɗanda suka rasu ba su kai 100 ba. Guguwa ba ta sauya hali ba. Abin da ya sauya shi ne labari ya riga ta isa.

Faɗar gaskiya ta haɗa har da ranar da abu ya lalace. A watan Mayu na 2007 aka harba tauraron sadarwa NigComSat-1 daga ƙasar Sin, a watan Nuwamba na 2008 ya daina aiki saboda fikafikan da ke tara masa hasken rana sun samu matsala. A Disamba 2011 aka maye gurbinsa da wani. Amma har yau abin da ya zauna a bakin jama'a shi ne "tauraron Nijeriya ya ɓace", ana faɗa ana dariya. Lalacewar tauraro ba abin kunya ba ce, ta sami ƙasashen da suka fi mu daɗewa a fagen. Sai dai duk inda bayani bai isa ba jita-jita ce ke isa, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wanda aka gaya wa labarin faɗuwa dalla-dalla shi ne zai gaskata gargaɗi ranar da aka kawo masa.

Yanzu sai dalilin shiruna a bakin ruwa. A waccan damina makarantu na rufe saboda annobar korona, ina gida Karaye. Tun kafin ruwa ya kankama na ga hasashen ambaliya na shekarar a wayata, da Turanci, kuma Kebbi na cikin jihohin da aka ce suna cikin haɗari. Na karanta, na wuce. Kowane dare ina cin tuwo akushi ɗaya da kawu, ina jin yana lissafin bashin da zai ci ya ƙara faɗin gonarsa ta fadama, ban buɗe baki ba. Na ce a raina ba zai saurara ba, na ce ai hasashe ne, na ce yaro ba ya koya wa babba noma. Labarin ya taso daga nisan dubban kilomita, ya ratsa na'urori da ofisoshi, ya iso har aljihuna, sannan ya mutu taku biyu tsakaninsa da kunnen da ke bukatarsa. Mai tsaron ganuwar da ya yi shiru ni ne.

Na sha lallashin kaina da cewa ko na faɗa ba abin da zai sauya. Mai yiwuwa ne. Wataƙila da ya ce Allah ke da ruwa, ya shuka abinsa. Amma wataƙila da ya rage bashin, ko ya ƙara gero a tudu, ko ya nemi iri mai saurin nuna. Ko wanne ya zaɓa, zaɓinsa ne, domin gonarsa ce kuma guminsa ne. Da na yi shiru sai na yanke hukunci a madadinsa, na ɗauke shi wanda bai isa a gaya masa ba. A nan na gane cewa ɓoye sani ba asarar dukiya kaɗai yake jawowa ba, raini ne. Abin da ya sa malamanmu suke tsoratarwa game da ɓoye ilimi ke nan. Tawakkali kuwa bai hana sanarwa ba. Mai shelar da ya ce gulbi na tafe bai yi jayayya da ƙaddara ba, yana cikin sababan da Allah Ya sanya.

Hausawa na cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Maganar tana nan da gaskiyarta, domin kawu ya san fadama sanin da babu hoton da zai ba ni. Amma yau yaro ya hau abin da ya fi rimi, kuma hawan bai sa ya fi babba daraja ba, bashi ne ya ɗora masa. Bashin yana kan hukumar da ta harba, yana kan gidan rediyo da mumbari da fadar hakimi, yana kan kowane ɗayanmu da aka kai makaranta da kuɗin gero da albasa.

Da damina ta zagayo, na zauna gaban kawu da wayata, na fassara masa hasashen shekarar jimla bayan jimla. Ya saurara har ƙarshe, ya yi mini tambayoyi uku, biyu daga ciki ban san amsarsu ba, na kuma gaya masa ban sani ba. Ya gyaɗa kai ya ce, "To, yanzu tauraronku ya yi magana." Sannan ya ɗauki fartanyarsa, ya tafi ya yanke shawararsa.